Ruwan da Ya Ratsa Asabari

Tun da Auta ta ɗaga murfin faranti na biyu gabanta ya faɗi, kuma bai daina faɗuwa ba har ta bar wurin aiki ranar.

Aikinta ke nan a ɗakin gwajin iri: ta shimfiɗa takarda mai shan ruwa a cikin 'yan farantan gilashi, ta jera ƙwayoyin iri da hantsaki, ta ɗiga ruwa, ta rufe, ta sa a kabad mai ɗumi. Bayan 'yan kwanaki ta dawo ta ga wanda ya tsira da wanda ya yi ƙememe. Kamfanoni su kawo irinsu, ita ta faɗa musu gaskiya, su ji daɗi ko su ji haushi, wannan kuma ruwansu. Amma waɗannan farantai biyu ba na wani kamfani ba ne. Nata ne, a can ƙuryar kabad ta ɓoye su bayan na masara.

Iri ɗaya ta zuba a dukansu, irin latas na kanti mai saurin tsira. Na farkon ta ba shi ruwan famfo. Na biyun ta ba shi ruwan da ta jiƙa guntun asabarin mahaifinta a ciki ya kwana, har ruwan ya yi ja kamar shayin da ba a sa wa madara ba. To, na farkon ya cika da fararen saiwoyi, sun miƙe, sun yi gashi, har suna hawan juna. Na biyun kuwa fiye da rabi ko motsi bai yi ba. Waɗanda suka yi ƙarfin halin fitowa sun fito da 'yar guntuwar saiwa, ta nannaɗe, bakinta ya yi baƙi.

Dogo, abokin aikinta, ya leƙo ta saman kanta, don shi ba ya buƙatar zagayowa.

"Wane kamfani ne ya kawo wannan mushen?"

"Irin lafiyarsa ƙalau," in ji ta. "Ruwan ne."

Ya ɗauki kwalbar jan ruwan ya sansana, ya dubi 'yan sillayen ciyawar da suka kwanta a gindinta. "Ciyawar bakin titi ce wannan? Ai ita ba ta faɗa da hannu, asiri take yi. Ganyenta da saiwarta akwai sinadarin da ruwa ke wankowa ya shiga ƙasa. Duk ɗan tsiron da ke kusa sai ta ƙone masa saiwa tun bai buɗe ido ba. Shi ya sa ba kya ganin komai a gindinta sai ita kaɗai."

"Na sani. So nake in ga ko busasshiya ma tana yi."

"Ga shi kuwa kin gani. Wane mara hankali ne ya rufe iri da ita?"

"Babana ne."

Dogo ya ajiye kwalbar a hankali, ya tuna yana da aiki a ɗaya teburin.

Ciyawar nan baƙuwa ce. Masu aikin babban titi ne suka zo da ita, suka dasa a gangaren hanya wai don ta riƙe ƙasa kada ruwa ya zaizaye. Ta riƙe ƙasar kuwa, riƙon da babu saki. An ce baƙo raɓa ne, amma wannan da ta samu wuri sai ta miƙe ƙafa: ta tsallake kwalbati, ta bi ta ƙarƙashin katangu, ta ɓullo a lambunan bayan gidaje. Ka sare ta yau, jibi ta yi maka sallama. Mutanen unguwa suka raɗa mata 'yar kwangila, tun da masu ita sun gama aikinsu sun tafi sun bar su da ita.

A lambun bayan gidansu Auta kuwa akwai wani ɗan komi a jikin katanga, inda ake renon iri kafin a kai shi dashe. Wannan komin na Inna ne, mahaifiyarta, Allah ya ji ƙanta. A nan take renon barkononta, wani ɗan gajere mai ƙamshi da ta gaji irinsa wurin kakarta. Babu shi a kanti, babu shi a kasuwa. Auta da kanta ta tambayi masu kawo iri wurin aikinsu, ba wanda ya san shi. Duk shekara Inna ta zaɓi manyan 'ya'ya ta shanya, ta ɓare, ta zuba a wata tsohuwar kwalbar zuma. In ta yi shuka sai ta rufe komin da tsofaffin zannuwanta da suka koɗe, ta riƙa yayyafa ruwa ta kansu har tsiro ya ɗago su. Yara suna yi mata tsiya wai ita barkononta ma sai ya ɗaura zane.

Da ta rasu, Baba ya tattara zannuwan nan, ya wanke su da hannunsa, ya ninke, ya sa a akwatinsa ya kulle. Ya ce ita ta shiga ƙasa, kayanta ba za su bi ta ba. Ba a jima ba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Damina guda ta wuce ba a shuka komai ba, 'yar kwangila ta cinye rabin lambun, kwalbar iri tana kan kanta tana tsufa.

Baba ya tashi, amma hannunsa na hagu bai gama tashi tare da shi ba. Mai yi masa gashin jiki a asibiti ta ce a nema masa aikin da zai riƙa motsa yatsu. Auta ce ta kawo shawarar saƙa, ita ce ma ta fara yanko masa ciyawar ta shanya, tana ganin ta yi dabara: ga maganin ciyawa, ga maganin hannu. Mutumin da ya yi watanni ba ya iya ɓalla maɓallin rigarsa, sai ga shi ya danne igiya da ƙafa, yana jera ciyawa da dama, hagun tana tallafawa tana rawa. Asabarin farko ya fito a karkace, Auta ta yaba har da tafi. Na baya suka fito sumul. Ranar da ya gama na komin Inna, daidai tsawo daidai faɗi, ranar ce aka fara jin dariyarsa a gidan tun bayan rasuwar.

Da shi ya rufe shukar farko, ba ta fito ba. Baba ya ce sanyi ne. Ta biyu ta fito tsilla-tsilla, tsiron ya yi ja, ya kwanta, ya mutu. Nan fa Baba ya shiga neman mai laifi, mai neman mai laifi a cikin gidansa kuwa ba ya dawowa hannu rabbana. Ya tuna matar babban ɗansa, wadda Auta ke kira Anti, ta taɓa ɗauke kwalbar daga kan kanta ta ajiye a kicin ranar da take share-share. Shi ke nan, zafin murhu ne ya dafa iri. Bai zage ta ba, shi ba mai zagi ba ne. Ya dai daina amsa gaisuwarta da baki, sai da kai, ya kuma ce kada ƙafarta ta sake taka bakin komi. Mijinta direban babbar mota ne, kullum yana kan hanya, sai ta haɗiye ta zauna.

Abin da ya rage a gindin kwalbar bai cika tafin hannun yaro ba. In wannan ya bi 'yan'uwansa, barkonon Inna ya ƙare a duniya.

Auta ta san ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya fara tsaya mata a rai shi ne inda Baba ke tara ragowar ciyawar saƙarsa, a ƙarƙashin indararo. Wuri ne mai laima, da can kullum kore shar, yanzu kuwa ko gansakuka babu. Shi ne ta yanki guntun asabari a ɓoye ta sa a jaka. Ga shi yau amsa ta fito, amsar da ta yi ta addu'ar kada ta fito. An yi da Baba sai ranar hutunta za a yi shukar ƙarshe, saboda haka tana da 'yan kwanaki na neman bakin da za ta gaya wa tsoho cewa abin da ya dawo masa da dariya shi ke kashe masa amanar matarsa. Tana cikin wannan saƙa da warwara wayarta ta yi ƙara.

"Auta, kina ina?" Muryar Anti ce, ƙasa-ƙasa, da jin ta a bayan ƙofa take magana.

"Ina wurin aiki. Lafiya?"

"Baba ya ga hadari ya haɗo. Ya ce ƙasa ta kira, ba zai jira ranar hutunki ba. Ya zazzage kwalbar."

"Duka?"

"Har da buga gindinta."

Auta ta dafe teburin. "Ya rufe?"

"Yanzu yake jan asabarin."

"Ya ba da ruwa?"

"Tukuna dai."

"Anti, ki saurare ni da kyau. Muddin asabarin nan a bushe yake, babu abin da zai sami irin. Ruwa ne kawai kada ya bi ta cikinsa, ko ɗigo. Kai masa wayar."

Ta ji takun silifas, ta ji ƙarar ƙofar baya, ta ji iska tana hura wayar. Sai muryar Baba daga nesa, cike da nishaɗi: "Ce mata hannuna da ƙasa. In ta dawo ta ga aiki."

"Kin dai ji," in ji Anti.

"To ɓoye bokitin ban-ruwa."

"Ni? Auta, so kike a ce ni na kashe na ukun ma? Ni da aka hana ni taka wurin?"

"Ba ke kika kashe na biyu ba, ba ke kika kashe na farko ba. Shaidar tana gabana yanzu haka. Ki ɓoye bokitin, don girman Allah."

Anti ta ce, "Bari in ga ko zai shiga ƙarƙashin gado."

Auta ta haɗa farantan biyu ta ɗaure da roba, ta sa a jaka. Ko farar rigar aikin ba ta tsaya cirewa ba. Dogo ya ce, "Je ki, in shugaba ta tambaya na ce cikinki ne ya murɗa." Ba ta ma ji ƙarshen maganar ba, ta riga ta kai matakala.

A waje garin ya canza fuska. Rabin sama ya yi baƙi ƙirin, iska tana kwasar ledoji tana liƙa wa mutane a ƙafa, masu tebur a bakin hanya suna ta tattara kaya suna ƙwala wa juna kira. Motar haya ba za ta yi ba, sai ta tsaya ko'ina. Ta tare mai babur, ta faɗi unguwa, ta hau, ta rungume jakar a cinya.

"Malama, ƙwai ne a ciki?"

"Ya fi ƙwai. Ka yi sauri, amma kada ka faɗa rami."

"To wanne zan ɗauka a ciki?"

"Duka biyun."

Suka hau babban titi. Dama da hagu 'yar kwangila ce, tsayin ƙugu, iska tana kwantar da ita tana tayarwa, fararen kawunanta suna ƙyalli a cikin duhun hadarin. Kullum Auta ta nan take wucewa, amma yau ne ta dube ta da idon ƙiyayya. Babu ko tsinken wata ciyawa a tsakaninta, daga nan har inda ido ya tsaya. Ta riƙa kallon sama tana lissafin da ba shi da amfani: ko Baba ya riga ta, ko hadari ya riga ta. In ta tsere wa ɗaya, wa ya ce za ta tsere wa ɗayan? Tsoro ya kama ta, ga haushin kanta, don da hannunta ta fara kai ciyawar nan gida.

A mahaɗar da ake juyawa unguwarsu wata motar siminti ta mutu a tsakiyar hanya, ababen hawa sun cushe, kowa yana danna oda kamar oda ce za ta ɗaga motar. Mai babur ya kutsa nan ya kutsa can, ya ƙare a bayan wata amalanke. Ɗigon farko ya sauka a bayan hannun Auta, mai kauri, mai sanyi. Ta dire, ta sallame shi, ta kama gudu da farar riga, jaka a ƙirji, mutane suna ba ta hanya don sun ɗauka ma'aikaciyar asibiti ce aka kira wurin mara lafiya.

Anti tana bakin ƙofa, ta leƙa ta koma ta leƙa.

"Ya nemi bokiti ya rasa," ta ce tun kafin Auta ta ƙaraso. "Ya ɗauki buta."

Auta ta ratsa tsakar gida, ta ture ƙofar baya. Ga Baba nan a kan 'yar kujerarsa a bakin komi. Asabari ya kwanta lif a kan shukar, sabo fil, mafi kyawun duk wanda ya taɓa saƙawa. Buta tana hannunsa na dama, na hagun yana tallafe da gindinta yana rawa, ruwa yana zuba siriri a kusurwar da ke jikin katanga, yana ratsa ciyawar yana ɓacewa.

"Baba!"

Kafin ya juyo ta iso, ta toshe bakin butar da babban yatsa. Tun da aka haife ta ba ta taɓa riƙe abin da ke hannun mahaifinta ba sai in shi ya miƙo.

"Ke, lafiyarki?"

"Baba, don Allah kada ka ƙara zubawa."

"Sakar mini buta."

"Ka yi haƙuri, ba zan saka ba."

Ya dube ta, irin duban da tana yarinya yake sa ta nemi bayan Inna. Yau babu bayan da za ta nema. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta durƙusa, hannu ɗaya a kan butar, ta zaro farantan da ɗayan, ta cire robar da haƙori, ta ajiye su a kan gwiwarsa.

"Wannan ruwan famfo ya sha. Wannan kuma ruwan da na jiƙa guntun asabarinka a ciki."

Ya sunkuya. Idonsa bai mutu ba, kuma manomi ba ya buƙatar a karanta masa saiwa. Ya daɗe a kan na biyun.

"Iri ɗaya ne?"

"Leda ɗaya, rana ɗaya."

"Tun ba a haifi yayanki ba nake rufe iri da ciyawa."

"Ba wannan ciyawar ba, Baba. Wannan akwai dafi a jikinta, ruwa ne ke wanko shi ya kai wa iri. Ka tuna gindinta a bakin titi, me ka taɓa gani ya fito a wurin? Ka dubi ƙarƙashin indararo."

Bai so ya duba ba, amma ya duba. Tulin ragowar ciyawar yana nan, ƙasar da ke kewaye da shi tas kamar an share.

"Ke kika kawo mini ita," ya ce a hankali.

"Ni ce."

"Ke kika ce ya yi kyau."

"Ya yi kyau, Baba. Har yanzu ma yana da kyau."

Ya saki butar, ta zauna a ƙasa. Ya ɗaga hannunsa na hagu ya juya shi, yana kallon yatsun da suka sha wuya kafin su koyi riƙe igiya.

"Wato hannuna ne," in ji shi. "Sau biyu."

Sai aka yi tsawa a kan rufin gidan, ɗigo ya fara sauka da gaske, tas, tas, a kan asabarin, kowanne yana barin baƙin tabo. Ta kai hannu za ta yaye. Baba ya sa ƙafa ya take gefen.

"In kin yaye, ruwan nan zai tono irin ya kai shi kwata. Ƙasar da ke kansa ba ta kai kaurin farce ba. Ko farantinki bai gaya miki wannan ba?"

Bai gaya mata ba. Duk gudun da ta yi, tunaninta a kan cire asabari ya tsaya. A bar shi, dafi ya sauka. A cire shi, ruwa ya kwashe. Gaba kura, baya sayaki, ga sama tana ƙara buɗe baki.

Sai ga Anti a guje da zanin gadonta, sabo, ta fizgo shi daga kan katifa. Ta zo daidai inda aka yi mata iyaka, taku kaɗan daga komin, ta ja birki ta tsaya, ta miƙo shi daga nesa, ruwa yana dukan fuskarta.

Baba ya dubi zanin, ya dube ta.

"Sabo ne," ya ce. "Yana da kauri. In ya sha ruwa ya kwanta, tsiro ba zai iya ɗaga shi ba. Innarku ba ta sa sabo, sai wanda ya sha wanki ya mutu." Ya juyo wurin 'yarsa. "Kama can, Auta. Mu riƙe shi a sama tukuna."

Auta ta karɓi zanin ta warware, ta kama gefe biyu. Baba ya janye ƙafarsa. Da hannunsa na dama ya kama asabarin da ya fi kowanne kyau, ya fizge shi gaba ɗaya, ya wurgar a kan tulin ciyawa. Sannan ya miƙe tsaye, ya kama ɗaya gefen da dama, ya lalubi na ƙarshen da hagu, yatsun suka zame, ya sake kamawa, suka riƙe. Suka ɗaga zanin a kan komin, iska tana neman ƙwace shi, ruwa yana gangarowa ta gefen Auta yana cika mata takalmi.

"Ke, yarinyar nan," in ji Baba, bai juya ba. "Zo nan."

Anti ta dubi Auta.

"Da ke nake. Tako. Sa hannu a aljihuna na gaba, akwai ɗan makulli. Akwatina, can ƙasa. Ki kwaso su duka."

Anti ta tako. Ta zaro makullin, ta juya da gudu.

Ba a daɗe ba, amma Auta ta ji kamar an kwana. Ruwa ya taru a tsakiyar zanin ya yi ciki, dole su karkata shi ya zube a waje. Hannun Baba na hagu yana kaɗawa tun daga kafaɗa, jijiyoyin wuyansa sun tashi, leɓensa na ƙasa a cikin haƙori. Ta ce, "Baba, bari in karɓi gefen." Ya ce, "Riƙe naki." Idonta yana kan yatsun nan, tana jiran su buɗe, ba su buɗe ba.

Anti ta dawo ta rungumo zannuwan a cikin mayafinta. Da ta buɗe, ƙamshin akwati ya tashi, da wani ƙamshin a ƙarƙashinsa wanda duk su ukun suka sani. Ga mai shuɗin fure, ga mai ɗigo-ɗigo da ya ƙone a gefe, ga wanda launinsa ya tafi gaba ɗaya. Baba ya kawar da kai.

"Shimfiɗa," ya ce. "Kada ki ja, ɗorawa za ki yi. Biyu-biyu. Ki danne bakin da duwatsu."

Anti ta shiga ƙarƙashin zanin gadon da rarrafe, ta bi komin daga wannan kai zuwa wancan tana ɗorawa tana dannewa. Da ta sa dutsen ƙarshe Baba ya saki, ya zauna daɓas a kan kujerarsa, sama kuma ta saki nata gaba ɗaya. Suka tsaya a cikin ruwan suna kallon zannuwan Inna suna jiƙewa, suna manne wa ƙasa, suna yin launin laka. Da ƙyar suka lallaɓa shi ya shiga ciki.

Barkono ba ya gaggawa, tsohon iri kuma ya fi kowa nawa. Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi tsit. Baba ya rage cin abinci. Igiyar saƙarsa tana rataye a ƙusa, asabarai suna jingine a bayan bayi, ba mai ambatonsu. Safe da yamma ya zauna a bakin komi, Anti ta yayyafa ruwa ta kan zannuwan da bokitin da ta fito da shi daga ƙarƙashin gado, shi kuma yana cewa ya isa ko a ƙara. Auta kullum in ta dawo sai ta tsuguna ta kalli zanen ta gefe, ko ya ɗan tasa. Mako ya wuce bai tasa ba. Ta fara tunanin ko ɗigon da ya ratsa asabarin kafin a cire ya isa ya yi ɓarna, ko kuma irin ya riga ya mutu tun a kwalba, duk wahalar nan a banza.

Wata safiya tana sa takalmi za ta fita, ta ji ya kira ta daga baya. Ta same shi tsaye, Anti a gefensa.

"Ban buɗe ba," ya ce. "Idona ne ko mai shuɗin furen nan ya yi tudu?"

Ya yi tudu, ƙanana-ƙanana, kamar ƙuraje. Auta ta cire duwatsun, ta kama bakin zanen ta ɗaga a hankali. Ga su nan. Sun fito a sunkuye, farare-farare da ɗan kore a wuya, wasu har yanzu da hular ɓawon iri a ka. Ta ɗaga na gaba, akwai. Na gaba ma akwai, ba su cika ba, amma akwai. Anti ta sa mayafi ta rufe baki. Da Auta ta kai kusurwar jikin katanga, inda ruwan buta ya sauka, ta ɗaga, babu komai. Ƙasa ce kawai, faɗin tire, santsi.

Baba ya tsuguna da ƙyar. Bai taɓa tsiron ba. Ya ɗora tafinsa na hagu a kan wurin da babu komai, ya bar shi a nan.

"Da kin makara kaɗan," ya ce, "da duk haka zai zama."

"Ban makara ba, Baba."

Ya gyaɗa kai. Anti ta fara tattara zannuwan, sun yi laka, ɗaya ma ya yage a wurin dutse. Ta ce bari ta jiƙa su da sabulu ta mayar masa akwati.

"A'a, 'yata," in ji shi, da baki, ba da kai ba. "Shanya su kawai, ki ajiye a wurinki, kusa da kwalbar. Baɗi za a neme su."

Auta ta ɗauki jakarta, don in ta ƙara minti ɗaya a wurin kuka za ta yi. Ta kai ƙofar baya ya sake kiranta. Ya koma kan kujerarsa, yatsunsa suna motsi a kan gwiwa, suna jera abin da babu.

"In kin ga wata ciyawar mai kyaun saƙa," ya ce, "ki fara kai ta wurin farantan nan naki kafin ki kawo mini."